Sheƙi, Ƙyalli da Walƙiya a Turanci: Tambayoyi da Amsoshi

Ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare a nan cikin garin Bauchi, da yamma kuma nakan zauna a shagon yadi na yayana a Kasuwar Wunti. A wuraren nan biyu akwai tambayar da ba ta barina: idan abu yana ɗaukar ido, me ake ce masa da Turanci? Ɗalibi yana tambaya saboda jarrabawar WAEC, ɗan kasuwa saboda rubutun da ya gani a jikin kwali, mai gini saboda bokitin fenti, amarya saboda jan baki. Na tattaro waɗanda aka fi yi mini, na amsa su a nan. Abin da nake fara gaya wa kowa shi ne ya dubi abin da idonsa, ya fara kiran sunansa da Hausa tukuna. Mu ma ai ba kalma ɗaya gare mu ba. Sheƙin shadda daban, ƙyallin madubi daban, ƙyalƙyalin leshi daban, maiƙon fuska daban. Wanda ya riƙe wannan bambanci, Turancin ba zai ba shi wuya ba.

Shin *shiny* ba ta isa ba? Me ya sa sai an koyi wasu?

Ta isa a hirar yau da kullum. Ita ce uwar kalmomin, kamar yadda “ƙyalli” yake a wurinmu. Sabon kwanon silba, takalmin da shushaina ya goge, tiren shayi, duk ka ce musu *shiny* ba wanda zai gyara maka. Inda take gazawa shi ne ba ta faɗin irin ƙyallin. Ba ta gaya maka abin jiƙaƙƙe ne ko busasshe, ƙarfe ne ko tufa, haskensa a tsaye yake ko wal-wal yake yi. A hira wannan ba komai ba ne. Amma ranar da za ka biya kuɗin tayil na gida guda, ko ka yi odar yadi daga Kano ta waya, kalmar da ka faɗa ita za a loda maka a mota.

Mene ne bambancin *shiny* da *glossy*?

*Glossy* sheƙi ne na shimfiɗaɗɗen abu mai santsi, wanda galibi an shafa masa wani abu a sama: fenti, mai, leda ko makamancinsu. Bangon mujalla, kalandar da ake rabawa a biki, hoton fasfo, ƙofar da aka yi wa fentin mai. Gashi ma yana shiga. Dokin da ya ji kiwo, irin waɗanda ake fitowa da su ranar hawan sallah, Bature zai ce yana da *glossy coat*. Cokali kuwa da wuya ka ji an ce masa *glossy*, sai dai *shiny*. Duk abin da yake *glossy* za a iya ce masa *shiny*, amma ba a juya maganar. Sunan sheƙin kansa shi ne *gloss*.

Wajen furuci, bakinmu yakan cusa wasali tsakanin g da l, sai mu ce “gulosi”. A kasuwa kowa zai gane ka. A jarrabawar baka kuwa, ka haɗe su ba tare da komai a tsakani ba.

Me ke sa wani abu ya yi sheƙi, wani kuma ya yi dishi-dishi?

Santsi. Idan haske ya faɗa a kan abu mai santsi ƙwarai, yakan dawo a jere, ta kusurwa daidai da wadda ya zo da ita, shi ya sa kake hango surar taga ko ƙwan lantarki a jikin abin. Masu kimiyya suna kiran wannan *specular reflection*. Idan kuwa saman abin yana da kaushi, ko da kaushin da hannu ba ya ji ne, sai hasken ya watse ko'ina, launi ya fito amma babu sheƙi. Wannan shi ne *diffuse reflection*.

Mai son ganin wannan da idonsa ya je wurin masu bugu. Ana gobe sallar da ta wuce na kai babbar rigar Baba ta shadda. An wanke ta, an sa mata sitati, ta bushe ta yi dishi-dishi kamar ba ita ba. Mai bugun ya yayyafa mata ruwa kaɗan, ya ninke ta a kan wani gungumen ice da ya sha aiki har ya yi sumul. Shi da yaronsa suka sa ta a tsakiya, kowa da gudumarsa ta katako, wannan na saukewa wancan na ɗagawa, suna juya ninkin ba tare da sun tsaya ba. Da ya gama ya miƙo mini ya ce, “Malam, ɗaga ta wajen rana ka gani.” Furannin jikin shaddar sun taso, in ka karkata ta nan su haska, in ka karkata ta can su ɓoye. Bai shafa mata fenti ba. Zaren da suka miƙe tsaye ya kwantar da su, sai haske ya sami shimfiɗar da zai dawo ta kanta. Abin da masana'anta ke yi ke nan da manyan naɗoɗin ƙarfe masu zafi, wanda suke kira *calendering*. Idan fata ko ƙarfe aka goge da abu mai tauri har ya yi sheƙi, kalmar ita ce *burnish*. Rawanin ɗan Kura, wanda ake bugawa da garin shuni har ya riƙa ƙyalli kamar ƙarfe, babu kalmar da ta fi dacewa da shi irin *burnished*.

A jikin bokitin fenti ina ganin *matt*, *eggshell*, *satin*, *silk*, *gloss*. Wanne zan saya?

Ka ɗauke su kamar matakala. A ƙasa akwai *matt*, wanda Amurkawa kan kira *flat*, ba shi da sheƙi ko kaɗan. Sama da shi *eggshell*, wato ɓawon ƙwai. Ɗauki ƙwan kaza ka duba a rana, ɗan hasken nan da bai kai sheƙi ba shi ake nufi. Sai *satin* da *silk*, waɗanda suke kusa da juna, suna da sheƙi mai laushi. Sai *semi-gloss*, sai *gloss* ko *high gloss* a can sama. Kowane kamfani da inda yake ja layinsa, don haka *satin* ɗin wannan zai iya fin na wancan sheƙi.

*Emulsion* kuwa ba maganar sheƙi ba ce sam. Fentin ruwa ke nan, wanda ake sirkawa da ruwa. Wanda muke kira fentin mai shi ne a kasuwa aka fi rubuta masa *gloss*, kuma shi ake sirkawa da tina.

Ra'ayina, bayan na ga gidaje da dama a Yelwa da cikin gari: sheƙi ba ya rufa wa bango asiri. Idan filastar ba ta kwanta daidai ba, fenti mai sheƙi zai nuna kowane tudu da kwari da zarar an kunna wuta. *Matt* yana ɓoye wannan, amma in yaro ya dafa shi da hannun miya, gogewa sai ta bar tabo. Don haka falo da silin *matt*, kicin da baranda da duk inda yara ke bi *satin*, ƙofofi da tagogin ƙarfe *gloss*. Ka kuma tuna da hunturu. Ƙura ta fi fitowa fili a kan abu mai sheƙi, sai dai tsumma mai ɗanshi ɗaya ya ishe ta. Kafin ka sayi bokiti mai lita 20, sayi galan mai lita 4 ka shafa a gefe guda, ka duba shi da hantsi, ka sake dubawa da dare.

Ana iya auna sheƙi, ko dai ido ne kawai?

Ana aunawa. Akwai na'urar da ake kira *glossmeter*, tana harba haske a kan abu ta wata kusurwa, ta auna wanda ya dawo. Ma'aunin shi ne wani baƙin gilashi da aka goge, wanda aka ba shi maki 100. An fi auna abu a kusurwar digiri 60. Idan ya fito ƙasa da maki 10, ba shi da sheƙi, sai a sake gwada shi a digiri 85 don a sami lamba mai ma'ana. Idan ya haura 70, mai sheƙi ne sosai, sai a koma digiri 20. Ƙa'idar duniya da ta tsara wannan ita ce ISO 2813. Madubi yana zarce maki 100 nesa ba kusa ba.

Tayil fa? *Polished*, *glazed* da *matt* duk ɗaya ne?

Wannan tambayar ina ɗaukarta da muhimmanci, domin ta taɓa gidanmu. Lokacin da muka gyara ɗakin Inna, wani mai sayar da tayil ya nuna mana wani fari mai ɗaukar ido, ya ce ai shi manyan gidaje ke sawa ko'ina har banɗaki. A kwalin an rubuta *polished*. Muka saya. Ba a yi wata guda ba, Inna ta fito daga alwalar asuba ƙafarta da ruwa, santsi ya kwashe ta. Allah Ya taƙaita, targaɗe ne a wuyan hannu, amma ta yi makonni ba ta iya ɗaukar buta. Da muka koma wurinsa cewa ya yi ai mu muka zaɓa. Dole muka fasa na banɗakin muka sake saye.

*Polished* na nufin an goge saman tayil ɗin da inji har ya zama kamar madubi. Yana da kyau a falo, amma in ruwa ya taɓa shi haɗari ne. *Glazed* na nufin an shafa masa wani ruwan gilashi aka gasa a wuta, kuma wannan shafin yana iya zama mai sheƙi ko marar sheƙi, don haka kalmar ita kaɗai ba ta isa ba, sai ka duba ko an ƙara *glossy* ko *matt*. Na banɗaki da wurin alwala da tsakar gida, nemi wanda aka rubuta *matt*, *textured* ko *anti-slip*. Wasu kwalaye suna ɗauke da lamba daga R9 zuwa R13, wani ma'auni ne da ya fito daga Jamus. Lambar na hawa, riƙon ƙafa na ƙaruwa. In babu rubutun komai, jiƙa tafin hannunka ka shafa a kai tun a shagon.

Wace kalma ta dace da shadda da leshi da sauran yaduka?

A nan Turanci ya fi wadata. *Sheen* shi ne sheƙi mai laushi da ke kwance a jikin tufa, ba ya kashe ido. Shi ne ainihin abin da muke nufi in muka ce shadda tana sheƙi. *Lustre* ya fi shi zurfi da daraja, ana faɗinsa ga siliki, zinare, lu'ulu'u da shadda mai tsada. Gezna da ake ji da ita sunan kamfani ne, Getzner, da ke garin Bludenz a ƙasar Ostiriya ta Turai, wanda aka kafa a 1818. Irin saƙar shadda Turawa *damask* suke ce mata, daga sunan birnin Dimashƙa, ko da yake a kasuwannin Najeriya an fi cewa *brocade*, maƙwabtanmu masu Faransanci kuma *bazin*.

Idan ka ga *mercerised cotton* a jikin takardar yadi, auduga ce da aka jiƙa a ruwan soda mai ƙarfi, zarenta ya kumbura ya yi santsi, ya riƙa sheƙi kuma ya fi kama rini. Sunan ya samo asali ne daga wani Bature ɗan Ingila, John Mercer, da ya gano hanyar a 1844.

*Satin* a harkar yadi salon saƙa ne, ba irin zare ba. Ana yinsa da siliki, ana yinsa da roba. Gabansa na sheƙi, bayansa dishi-dishi. Hajiyoyi da yawa suna shigowa shagon yayana suna zaton duk *satin* siliki ne, sai mu juya musu takardar su karanta *polyester* da kansu.

Leshi mai duwatsu kuwa ba a ce yana da *sheen*. *Sparkle* yake yi, wato ƙyal-ƙyal na ƙananan haske da yawa. Ƙananan faifan nan masu huji da ake ɗinkawa a jiki su ne *sequins*. Garin ƙyalƙyali mai manne wa hannu shi ne *glitter*. Mayafin da haskensa ke gudana a jiki in mai shi ta motsa, *shimmer* yake yi.

Me ya sa kalmomin da yawa suke farawa da gl? Yaya zan bambance su?

Haka Turanci ya gada, kalmomin haske da dama da waɗannan haruffa biyu suke farawa. Hanyar da nake bi da ɗalibaina ita ce kowace kalma mu ɗaura ta a jikin abin da suka sani.

*Glisten* sai da ɗanshi. Kwalta bayan ruwan Agusta, zufa a goshin manomi, ido da ya ciko da ƙwalla, tsiren da ya sha mai. Busasshen abu ba ya *glisten*. Harafin t ɗin kuma ba a furta shi, kamar dai na *listen*. *Gleam* hasken abu ne mai tsabta da aka goge: jeren kwanukan amarya, haƙora farare, motar da aka fito da ita daga wanki. *Glint* ɗan walƙiya ne na ƙiftawar ido, galibi daga ƙarfe, kamar kaifin takobin ɗan sarki in rana ta doke shi a wurin hawa. *Glimmer* haske ne mai rauni da ke neman mutuwa, irin na aci-balbal daga nesa. *Glow* haske ne mai ɗumi da ke fitowa daga cikin abin, ba daga waje ya dawo ba, kamar garwashin mai shayi. *Glare* shi ne mai kashe ido: sabon kwanon rufi a ranar Maris, ko fitilar babbar mota da dare a hanyar Jos. Shi ya sa ledar fuskar waya marar sheƙi ake rubuta mata *anti-glare*.

Ka tsaya a bakin Dam ɗin Gubi da la'asar sakaliya. In iska na ɗan kaɗa ruwan, hasken na rawa a kai, *shimmer* ke nan. In rana ta ƙwalle, hasken na tsalle ɗigo-ɗigo, *sparkle* ke nan. Rawar zafin da ke tashi daga kwalta lokacin bazara ita ma *shimmer* ce, amma ruwan ƙaryar da kake hangowa a gaba, wato kawalwalniya, sunanta *mirage*.

Ina son yaba wa mace kyan fatarta. Zan iya cewa fuskarta *shiny* ce?

Kada ki faɗa, kada ka faɗa. A kunnen Bature *shiny face* fuska ce mai maiƙo ko zufa. *Oily* da *greasy* sun fi muni. Abin da muke nufi da annuri, ko mu ce amarya ta yi fes bayan gyaran jiki, shi ne *glowing* ko *radiant*. Gashi kuwa ba laifi, *shiny hair* da *glossy hair* duk yabo ne. A kayan kwalliya, *lip gloss* man leɓe ne mai sheƙi, *matte lipstick* jan baki ne marar sheƙi, *dewy* kuma daga kalmar raɓa ta fito, wato fuskar da ke da ɗan ɗanshi mai kyau.

Waɗanne kurakurai ɗalibai suka fi yi a rubutu?

Na farko, kuma wanda na fi ja wa jan biro, shi ne ninka harafin n. *Shining* da *shiny* n ɗaya gare su a tsakiya. Mai rubuta *shinning* ya koma maganar ƙwauri, domin *shin* ƙwauri ne. Na biyu, kalmar *shine* in ana maganar abin da ya wuce: rana *shone* ta yi, amma wanda ya goge takalmi *shined* ya yi. Na uku, kwatanci: *shinier* da *glossier* ake cewa, ba a sa musu *more* a gaba. Sai *polish* da ƙaramin baƙi, gogewa ko man takalmi, da *Polish* da babban baƙi, abin da ya shafi ƙasar Foland, furucinsu ma ba ɗaya ba ne.

*Lustre* ne ko *luster*? *Matt* ne ko *matte*?

Duka daidai ne. *Lustre* da *matt* rubutun Ingila, *luster* da *matte* rubutun Amurka. A makarantunmu, rubutun Ingila muke bi. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa har ƙarshen takarda.

A takardar mota an rubuta *metallic*, wata kuma *pearl*. Launi ne?

Irin fentin ne. *Solid* launi ne zalla. *Metallic* an zuba masa ƙananan ɓarɓashin alminiyom, in ka matsa kusa a rana za ka ga suna ƙyal-ƙyal. *Pearl* kuma ɓarɓashin wani ma'adini ne mai suna *mica*, irin ƙyalƙyalin nan da kake gani a jikin duwatsun da suka kewaye Bauchi, shi ke sa launin motar ya ɗan sauya in ka zagaya ta. Sheƙin da ke sama duka daga *clear coat* yake, wani shafi marar launi da ake fesawa a ƙarshe. Shi ne rana ke cinyewa har ka ga rufin mota yana ɓarewa fari-fari. In za a yi maka facin fenti, gaya wa mai fentin irin naka, domin farin *pearl* da farin *solid* ba sa haɗuwa.

Masu harkar duwatsu da ma'adinai suna da nasu kalmomin?

Suna da su, kuma a wurinsu *lustre* hanya ce ta gane dutse. *Metallic* mai ƙyallin ƙarfe, kamar dutsen kwalli kafin a niƙa shi. *Vitreous* mai ƙyallin fasasshen gilashi. *Adamantine* irin na daimon. *Pearly*, *silky* da *waxy* sunayensu sun bayyana su: lu'ulu'u, siliki, kakin zuma. *Dull* ko *earthy* marar ƙyalli, kamar farar ƙasa. Akwai wani ma'adini, *pyrite*, mai ƙyallin ƙarfe ruwan ɗorawa, da ya sha ruɗar masu neman zinare. A goga shi a bayan farin tayil, zai bar layi baƙi-baƙi, zinare kuwa layinsa ruwan zinare ne. Zinare yana da laushi, wuƙa na yankarsa, in an buga shi ya baje. *Pyrite* farfashewa yake yi.

Na ga *gloss over* a jarida, kuma ba maganar fenti ake yi ba.

Kalmomin nan suna fita daga jikin kaya su shiga magana. *Gloss over* shi ne a yi wa matsala shafa-shafa a wuce, kamar yadda ake rufe tsagar bango da fenti. *Polished* ga mai jawabi yabo ne, ya goge. *Slick* santsin baki ne mai sa a yi hattara da mutum. *Lacklustre* abin da ya yi lami, kamar wasan ƙwallon da aka tashi ba armashi. *Brilliant* haziƙi, *dull* kuma ga darasi marar daɗi, ga ɗalibi marar kaifin ƙwaƙwalwa. *Glossary* kuwa, jerin ma'anonin kalmomi da ke bayan littafi, ba ta da dangantaka da sheƙi. Daga kalmar Girkanci mai nufin harshe ta fito.

In zan yi odar kaya ta waya, me zan rubuta don kada a kawo mini abin da ban so ba?

Kalmar da ake haɗa su duka a ciki ita ce *finish*, wato yadda aka gama saman abin. Ka tambaya: *What finish is it, matt, satin or gloss?* Ko katin biki za a buga maka, ko kabad, ko tayil, tambayar ɗaya ce. In yadi ne, ka faɗi abin da kake so da wanda ba ka so a jumla guda, misali *soft sheen, no glitter*. Kada ka yarda da hoto, domin fitilar kyamara tana sa ko buhun gari sheƙi. Yayana ba ya tura kuɗi sai an turo masa ɗan bidiyo, an fito da yadin waje cikin rana, an karkata shi hagu da dama, sannan an juya masa bayansa.